Me Ya Sa Kullum a Wannan Kwanar Ake Kaɗe Mutane?

Kusan duk unguwar da babban titi ya ratsa a Kano tana da wata kwana da kowa ya san halinta. Ba a kafa allo a wurin ba, amma uwa in za ta aiki yaro sayen kayan miya sai ta ja masa kunne: "Kada ka bi ta bakin titi, ka zagaya ta bayan masallaci." Mai shayin da ke wurin zai iya lissafa maka waɗanda aka kaɗe a kan idonsa, har da gidan da kowa ya fito. In abin ya faru, maganar da ake yi ba ta sauyawa. Direba ya rantse yaron ne ya shigo masa, 'yan unguwa su ce gudu yake yi kamar zai tashi sama, dattawa su ce kwana ne ya ƙare. A yi jana'iza bayan la'asar, a watse. Wani lokaci matasa su tare hanya su ƙona taya, washegari a yi karo-karo a sayo siminti a yi tudu. Bayan 'yan watanni a sake kaɗe wani, taku ashirin daga inda na farko ya faɗi.

Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne, in ganganci ne kaɗai, me ya sa gangancin yake taruwa a wuri guda? Direban nan ya wuce mahaɗa goma kafin ya iso nan, kuma da halinsa ɗaya ya wuce su. Yaron ma ya tsallaka wasu hanyoyin a ranar bai ji ko ƙwarzane ba. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da ke jikin wurin, kuma abin nan ana iya auna shi da igiya da agogon waya.

Mu fara da faɗin titin. A ɗauki titi mai hannu biyu, kowane hannu layi biyu. Layi ɗaya yakan kai mita 3.5, huɗun sun zama mita 14 ke nan. Mutum mai lafiya da ke tafiya ba gudu ba yana cin kamar mita 1.2 a daƙiƙa, don haka yana bukatar daƙiƙa 12 ya tsallake. Dattijo mai sanda, ko mace mai goyo da kaya a ka, sai dai a ba su mita ɗaya a daƙiƙa, wato daƙiƙa 14. To motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cinye kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin Baba ya kai ɗaya gefen, ta shafe fiye da mita 230, ya fi tsawon filin ƙwallo biyu. Ma'ana, kafin ya sauke ƙafa a kwalta sai ya tabbatar babu mota a tsawon filin ƙwallo biyu ta hagu, babu ta dama. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Titin Zariya ko Titin Katsina da ƙarfe shida na yamma ya san irin wannan sarari ba ya samuwa. Shi ya sa mutane ke tsallakawa gutsi-gutsi, su ci layi ɗaya su tsaya a kan farin zane, su ɗaga hannu suna roƙo, iskar mota tana kaɗa musu riga gaba da baya. Wanda ke cikin mota yana kallon wannan a matsayin rashin hankali. Ni ina ganin hankalin ke nan, domin titin bai bar musu wata hanya ba.

Sai lissafin birki, wanda na fi so kowane direba ya haddace. Daga lokacin da ido ya ga yaro zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki, ana cin aƙalla daƙiƙa ɗaya, in mutum a farke yake ba waya a kunne. Motar da ke gudun kilomita 30 tana tafiya mita 8 a wannan daƙiƙar, birki ya ci wasu mita 5, ta tsaya cik a kusan mita 13. Wadda ke gudun 50 kuwa sai ta yi mita 14 kafin ma a taɓa birkin, ba ta tsayawa sai wajen mita 28. Ka ga ke nan in yaro ya ɓullo mita 13 a gabansu, ta farkon za ta tsaya a gabansa, direba ya leƙo ya zage shi, kowa ya tafi gida. Ta biyun za ta same shi da cikakken gudunta, ba ta rage ko kaɗan ba. A 60 ana maganar mita 36. Kuma wannan lissafin busasshiyar kwalta ne da lafiyayyen birki da taya mai kyau. Ƙara yashin da damina ke barowa a bakin titi, da tayar gwanjo da ta sha duniya, da tifa mai cike da ƙasa, sai lissafin ya ƙara muni.

Jikin ɗan Adam ma yana da iyakar abin da zai ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi in gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. Wannan ne ya sa taron ministoci na duniya kan kiyaye haɗura da aka yi a Stockholm a Fabrairun 2020 ya nemi a mai da gudun kilomita 30 iyaka a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. A Najeriya dokar hanya ta ce 50 a cikin gari. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, babu direban da ke tuƙi da allo. Da idonsa yake karanta titi. In ya ga hanya shimfiɗe, mai faɗi, miƙaƙƙiya, ƙafarsa ce za ta yanke hukunci ba shi ba.

A nan ne ci gaban da muke alfahari da shi ya zo mana da wani baƙo. Daga gadar Ƙofar Nasarawa da na ƙasa na Gadon Ƙaya da Kabuga, zuwa na Dangi da na Hotoro, an rage cunkoso ƙwarai, babu mai musu. Sai dai cunkoson nan da muke tsinewa shi ne ke riƙe da gudun mota a da. Yanzu mota tana fitowa daga ƙarƙashin gada da ƙarfinta, ta tarar da ƙaramar mahaɗar unguwa da ke gaba yadda take tun shekaru talatin, da makarantar Islamiyya a wannan gefen, gidajen yaran a wancan. Titi ya zama na zamani, masu tsallaka shi suna nan da silifas ɗinsu.

Ita kanta mahaɗa wuri ne mai rikitarwa fiye da yadda ake zato. Injiniyoyin hanya sun ƙirga cewa a mararraba mai ƙafa huɗu akwai wurare 32 da hanyar wata mota ke iya gittawa ko haɗuwa da ta wata, alhali a ƙaramin shataletale 8 ne kacal. Direban da ya iso wurin hankalinsa yana kan waɗannan. Mai karyawa hagu ido ya zuba wa motocin da ke tahowa, yana jiran ɗan sarari ya kutsa, yana samu kuma sai ya taka totur, daidai lokacin da wata yarinya ta shiga bakin layin da zai shiga. Mai fitowa daga layin unguwa zai hau babban titi ta dama wuyansa a karkace yake yana duban hagu, motar tana gangarawa dama, inda bai duba ba. In kuma an yi wa kwanar baki mai faɗi, irin wadda ake shiga ba sai an taɓa birki ba, to an haɗa masa gudu da rashin gani a lokaci ɗaya.

Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, abin da ake koya wa yaro shi ne ya fara duba hagu. Yaron ya koya, ya duba hagu, ya ga ba komai, ya sauka. Sai ga ɗan sahu ko mai babur ya biyo hannun da ba nasa ba ya kwashe shi ta dama. Wannan saɓa hannun ma in ka bi diddigi sau da yawa ginin titin ne ya haife shi: an toshe tsakiya da kankare, wurin juyawa yana can nesa, mai yana tsada, mutum ya ga gara ya saci hanya ta mita ɗari. Ban wanke shi ba. Ina dai cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai wani nau'in haɗari da ya fi ba ni tsoro, saboda alheri ne ke jawo shi. Mai adaidaita ya ga yara a bakin titi, ya tausaya, ya tsaya, ya yi musu hannu su wuce. Yaran sun amince, suka ruga. Motar da ke bayansa ba ta san dalilin tsayuwarsa ba, ta ɗauka fasinja yake nema, ta goce ta layi na biyu da gudunta. Ita ba ta ga yaran ba saboda adaidaitar ta kare su, su ma ba su gan ta ba. Yaro ɗan shekara shida ko kan wanda ke zaune a cikin adaidaita bai kai ba, kuma ƙananan yara ba su iya kintatar saurin abin da ke tahowa yadda babba ke yi. Duk inda layi biyu ke tafiya hannu ɗaya kuma ba abin da ke tilasta wa duka biyun rage gudu, wannan tarkon yana nan a ɗane.

Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, adaidaita ta zama ƙafar gari, kuma tasharta ita ce bakin kowace kwana, domin nan fasinja ke fitowa. Kusa da ita ga mai lemo da kankana, ga rumfar mai POS, ga mai faci da tulin tayoyinsa, ga allon talla. Gefen da ya kamata a taka da ƙafa ko dai buɗaɗɗen lambatu ne, ko an baje kaya a kai, ko an ajiye mota. Mai tafiya dole ya sauko kwalta. Sannan a kawo magariba: haske ya dushe, ƙurar hunturu ta tsaya a sama, fitilun titi rabi sun mutu, 'yan Islamiyya sun taso, masu sallah na sauri, in azumi ne kuwa kowane direba gida yake hange. Ba mamaki mai shayi ya ce maka yawanci a wannan lokacin ne.

To me ake yi? Abu na farko da unguwa ke rugawa gare shi shi ne tudun rage gudu, kuma ina so a fahimce ni, tunanin daidai ne. Sun gano ciwon, gudu ne. Aikin ne ake yi masa gyaran gangar Auzinawa. Tudun da injiniyoyi suka gwada suka amince da shi shimfiɗaɗɗe ne, tsawonsa ta inda mota ke hawa ya kusa mita 4, tudunsa bai wuce santimita 10 ba, an yi masa fenti, an kafa alama tun daga nesa. Mai gudun 25 ko 30 zai haye shi ba tare da ya ji komai ba, mai gudun 60 ne zai sha wuya. Namu kuwa siriri ne mai tsini kamar kunyar dankali, baƙi a kan baƙar kwalta. Da dare mai babur bai san da shi ba sai ya ji shi a ƙasa. Ƙaramar mota tana kartar ciki, don haka direbobi ke kauce masa su sauka gefen hanya, daidai inda mutane ke tafiya. Wanda ya haye kuma sai ya huce haushinsa a kan totur, ya iso wurin tsallakawa da gudun da ya fi na da, saboda an yi tudun a inda aka kaɗe wancan yaron, ba a inda yara ke tsallakawa kullum ba. Ba a ma zancen mai naƙuda da ake rugawa da ita asibiti.

Abu na biyu shi ne gadar sama ta masu ƙafa, wadda 'yan siyasa suka fi so, domin ana ganinta daga nesa kuma tana ɗaukar suna. A kan hanya irin ta filin jirgin saman Abuja, inda motoci ke gudun ɗari, gada tana da hujja. A tsakiyar unguwa kuwa sai a tambaya, wa zai hau? Dole a ɗaga ta sama da mita 5 don tirela ta wuce, matakala kusan arba'in hawa, arba'in sauka. Ɗan ga-ruwa da kurarsa ba zai hau ba. Mai baro ba zai hau ba. Gurgu a kan kekensa, makaho da ɗan jagora, tsohuwa mai ciwon gwiwa, mai tsohon ciki, duk suna ƙasa. Da dare ma mai lafiyar tsoron hawa yake yi, kada a tare shi a sama a ƙwace masa waya. Ga kuma abin da ya fi muni: da zarar an gina gada, direba ya ɗauka an sallame shi, titi ya zama nasa shi kaɗai, in ya kaɗe mutum a ƙarƙashinta kowa zai ce ai ga gada can. Waɗanda suka fi rauni aka bari a ƙasa, aka kuma ɗora musu laifi.

Farin zanen tsallakawa shi kaɗai, a titin da ake gudun 60, ba ya tsayar da kowa, illa ma ya ba baƙo amanar da babu ita. Danja tana taimakawa in tana aiki kuma ana bin ta, amma yawancin namu an tsara su ne don motoci su yi karɓa-karɓa, babu lokacin da aka ware wa mai ƙafa. Da an tsayar da masu miƙewa an saki masu karyawa. A wasu biranen duniya akan ba masu tsallakawa daƙiƙa 3 zuwa 7 su fara shiga kafin a saki mota, don direba ya gan su a gabansa tun bai motsa ba. Wannan ba ya bukatar ko buhun siminti ɗaya, saiti ne kawai. Wayar da kai a rediyo da huɗuba kuwa ba na raina su, amma an shekara nawa ana yi?

A 1997 majalisar Suwidin ta amince da wata manufa da ta juya tunanin gaba ɗaya. Suka ce ɗan Adam ajizi ne, zai yi kuskure yau, zai yi gobe, don haka wanda ya zana titi shi ma yana da alhaki, aikinsa ya gina shi yadda kuskure ba zai zama mutuwa ba. Ban ga inda wannan ya ci karo da imaninmu da ƙaddara ba. Mu ne aka ce wa mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma mu ne aka koya wa cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne.

Abin da ke aiki ba shi da kwarjini. Na farko a raba tsallakawar gida biyu da ɗan tsibiri a tsakiyar titi, dakali mai faɗin kamar mita 2 wanda zai ɗauki mace da 'ya'yanta ko kurar ruwa, an yanke masa hanya daidai da kwalta don keken gurgu ya shige. Da wannan kaɗai lissafin Baba ya sauya: maimakon ya nemi daƙiƙa 14 yana duba hannu biyu, yanzu daƙiƙa 7 yake nema yana duba hannu ɗaya, ya huta, ya sake neman wasu 7. Hukumar manyan hanyoyi ta Amurka tana lissafa cewa irin wannan tsibirin yana rage kaɗe masu ƙafa da kusan rabi. Dogon shingen kankaren da ake jerawa a tsakiyar titunanmu ba shi ake nufi ba. Wancan katanga ce, matasa su haure, mata masu zani su tsaya a gindinta a kan kwalta suna neman inda ya fashe.

Na biyu a ɗaga wurin tsallakawar kansa ya zama shi ne tudun, mai shimfiɗaɗɗen sama, daidai da tsayin gefen titi, yadda dole kowace mota a kowane layi ta sassauta a daidai inda ƙafar mutum take. Wannan ne maganin tarkon nan na mai adaidaita mai tausayi. A kuma yi shi a inda mutane suka riga suka zaɓa. Ba sai an yi dogon bincike ba, a duba inda aka fasa shinge, inda ƙasa ta daddale da sawu, nan ne hanyar. In aka kai shi mita ɗari gaba don ya yi kyau a takarda, akuya ce kaɗai za ta bi ta kai. A matse bakin kwana yadda sai an rage gudu za a shiga. A sa fitila mai aiki da hasken rana ɗan gaba da wurin ta inda mota ke tahowa, don hasken ya sauka a jikin mai tsallakawa ta gefen da direba ke gani. A rufe lambatu da silab a samu wurin takawa.

Kada a ce wannan sai Turai. A Gana, a mahaɗar Suhum da ke kan hanyar Accra zuwa Kumasi, jerin ƙananan tudun nan masu sa mota kakkarwa kawai aka shimfiɗa, tsakanin Janairun 2000 da Afrilun 2001 haɗura suka ragu da kusan kashi 35 cikin 100, mace-mace da kusan kashi 55, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na sake fasalin mahaɗar ba. A Darussalam ta Tanzaniya, ƙungiyar Amend ta bi makarantun firamaren da aka fi kaɗe 'ya'yansu tana yin tudu da gefen tafiya da wurin tsallakawa, wani lokaci ma ƙofar makaranta kawai ake mayarwa ta bayan layi, binciken da aka yi ya nuna raunukan yara sun ragu da kashi 26 cikin 100. Wannan dabarar ta sauya ƙofa ta tsaya min a rai, domin makarantu nawa ne a unguwanninmu ke kwararo yara ɗari uku kai tsaye a bakin kwalta, alhali suna da katanga ta lungu?

Inda gizo ke saƙar shi ne maganar buɗe gani a kwana, saboda a nan ake taɓa abincin mutane. Wani ƙaramin gari a Amurka, Hoboken, ya shafe shekaru bakwai daga Janairun 2017 ba a rasa rai ko ɗaya a titunansa ba, kuma babban abin da suka dage a kai shi ne hana ajiye komai a 'yan mitocin da ke dab da kwana, da sanduna suka toshe wurin ba da allo ba. A wurinmu wannan na nufin mai lemo da mai faci da 'yan sahu. In aka zo da motar kwashe kaya aka watsa su, kwana uku za su dawo, domin nan ciniki yake, kuma ɗan sahu yana da balas da zai kai wa mai mashin da dare. Abin da zai ɗore shi ne a zauna da su da shugabanninsu a gaban mai unguwa, a ja layi: mita goma daga kwana ba tebur, ba tsayawa, amma ga wurinku nan gaba kaɗan, an share, an rufe lambatu. Wurin sauke fasinja a mai da shi bayan an wuce mahaɗar, ba kafin a iso ta ba, don wanda ya sauka ya tsallaka ta bayan adaidaitar inda ake ganinsa. Mutanen nan su ne ke ɗaukar gawa in an yi haɗari, 'ya'yansu ne ke tsallakawa. In aka yi musu magana da mutunci, da wuya su ƙi.

Jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ko na kiyaye haɗura suna da amfani matuƙar suna tsaye, amma ba za su kwana a wurin ba. Abin da unguwa ke da shi a hannu shi ne 'yan agaji. Duk Juma'a muna ganin yadda suke tsare hanya a bakin masallaci, direbobi kuma suna bin hannunsu. Mutum biyu da riga mai ƙyalli na rabin awa lokacin tashin makaranta ba abin da zai gagara ba ne, kafin a samu na kankare.

Shi kuwa na kankaren sai an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Titi a Najeriya iri uku ne, na tarayya, na jiha, na ƙaramar hukuma, kuma mahaɗar unguwa sau da yawa wurin haɗuwar biyu ce, babban na wani, ƙaramin na wani. Kansila ba shi da ikon taɓa titin tarayya ko da yana so. Takardar da aka kai ofishin da ba nasa ba za ta tsufa a cikin fayil. Sannan in aka je da "ranka ya daɗe, ana kashe mana yara" kawai, za a jajanta, a yi alkawari. Hukuma da lamba take aiki, lambar kuwa babu ita. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa takan ba da rahoton mutuwar mutum 5,000 zuwa 6,000 da wani abu a shekara, alhali ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ga Najeriya ya haura 35,000. Mun san inda sauran suka shige. An yi sulhu a bakin titi, an ce Allah ya kiyaye gaba, an binne kafin magariba, wanda ya karye an kai shi wurin mai ɗori. A takardar gwamnati kwanarku lafiya lau take.

Saboda haka ƙungiyar unguwa ta sayi littafi mai bango ta ajiye a wurin mai shayi ko mai kemis. Rana, lokaci, irin abin hawa, daga ina ya taho, shekarun wanda aka buge, a ina yake tsaye. Har wanda aka yi saura ƙiris a rubuta, domin shi ya fi yawa kuma shi ke nuna inda na gaba zai faru. A sa matasa biyu su ƙirga masu tsallakawa na awa ɗaya da safe, awa ɗaya da magariba. Gudun ma ana iya auna shi ba na'ura: a auna mita 50 tsakanin alama biyu, a danna agogon waya. Motar da ta ci daƙiƙa 6 tana gudun 30, wadda ta ci 3 tana gudun 60. A yi wa mota hamsin haka a rubuta. Wata uku na irin wannan littafin, da zanen wurin a takarda ɗaya, da sa hannun mai unguwa da liman da shugaban makaranta da shugaban 'yan sahu, ya fi ƙona taya ɗari nauyi a teburin injiniya, kuma da shi ake tunkarar ɗan majalisa in ana rabon ayyukan mazaɓa.

In an samu izini, ba laifi a fara da gwaji kafin siminti. Durom da aka cika da yashi aka shafa wa fenti, da tsofaffin tayoyin mai faci, sun isa a fitar da siffar tsibiri da matsattsiyar kwana na mako biyu, a ga ko tifa na iya juyawa, a matsar da abin da bai zauna ba. Direbobi za su yi ƙorafi, wannan tabbas ne. A ba su nasu lissafin: sauka daga 60 zuwa 30 a tsawon mita 200 daƙiƙa 12 yake ƙara wa tafiya, bai kai lokacin da ake ɓatawa wajen neman canjin ɗari biyar ba.

Sai dai tun ranar da za a rubuta takardar a sa layin da ake mantawa da shi: wa zai sake fenti bayan damina, wa zai kwashe yashin da ke binne zanen, wa ke da makullin batirin fitila in ya mutu ko aka sace. Na sha ganin tudu mai kyau da aka yi bisa ƙa'ida, shekara ɗaya fentinsa ya goge, alamar da ke gabansa 'yan jari-bola sun yi gaba da ita, ya koma baƙin abu a duhu yana jiran mai babur.